Na'urorin Taimaka wa Direba a Motocin Zamani: Ta Yaya Ake Auna Amincinsu?

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, ba a cinikin biri a sama. Wannan karin magana ta dace da halin da masu sayen mota suke ciki a yau, domin motocin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda aka fi sani da 'yan Kwatano ko Beljiyam, sun soma zuwa da wasu na'urori da ba a saba da su ba. Akwai motar da takan yi ƙara idan direba ya matsi ta gabansa, akwai mai taka birki da kanta, akwai kuma wadda takan murɗa sitiyari ta mayar da mota kan layinta. Dillalai kan fake da waɗannan su ƙara wa mota kuɗi, har akan ji ana cewa wai mota kaza ba ta yin haɗari.

Maganar ba ta wasa ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasa rayukansu a haɗarin hanya kowace shekara, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asara, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Saboda haka duk abin da zai rage wannan asara abin maraba ne, amma sai an tabbatar yana ragewar.

Manufar wannan maƙala ita ce a fayyace mece ce na'urar taimaka wa direba, sannan a kawo ma'aunai biyar da ake bi wajen gane amincinta. An ɗauki titunan garin Gombe, musamman na unguwar Herwagana, a matsayin abin misali. Daga ƙarshe za a duba rawar da ɗalibin harshe zai taka, domin kamar yadda za a gani, sunan da aka laƙaba wa na'ura yana iya kai direba ga halaka.

2.0 Mece ce Na'urar Taimaka wa Direba?

Na'urar taimaka wa direba ita ce duk wata na'ura da aka saka wa mota don ta lura da hanya ko da motsin motar, sannan ta faɗakar da direba ko ta kama masa wani ɓangare na aikin tuƙi. Idanunta su ne kyamarar da akan manna a gilashin gaba kusa da madubi, da na'urar rada da akan ɓoye a cikin bamba ko bayan tambarin mota, da wasu ƙananan na'urori masu jin kusancin abu ta hanyar sauti. Duk abin da suka gano sukan aika wa kwamfutar motar, ita kuma ta yanke shawara cikin ƙiftawar ido.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar aikinta ita ce a tuna da yaron mota. A gingimari ko tirela, yaron mota ne ke sauka ya duba baya yana cewa "taho, taho, tsaya," shi ke buga bodi idan an kusa taɓa wani abu, shi ke jefa waji a ƙarƙashin taya a kan gangare, shi kuma ke jan direba da hira idan barci ya soma ɗibarsa. Duk da haka lasin na direba ne, kuma idan aka yi haɗari shi ake tuhuma. Matsayin waɗannan na'urori ke nan.

2.1 Ire-irensu

Ana iya kasa su gida uku. Kashi na farko su ne masu gargaɗi kawai, kamar mai yin ƙara idan an matsi motar gaba, da mai kunna fitila a madubin gefe idan akwai abin hawa a inda madubi ba ya nunawa, da kyamarar baya.

Kashi na biyu su ne masu kai ɗauki idan an shiga haɗari. Mafi daɗewa a cikinsu shi ne birkin da makanikai ke kira ABS, wanda kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da shi a 1978. Aikinsa shi ne hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, ta yadda direba zai iya ci gaba da sarrafa sitiyari. A 1995 aka fito da na'urar hana katantanwa, wadda takan kama birkin taya ɗaya tak idan ta ji mota na neman ƙwacewa a kwana. Sai kuma birkin gaggawa, mai taka kansa idan ya ga za a yi karo kuma direba bai motsa ba.

Kashi na uku su ne masu rage wa direba aiki a doguwar tafiya, wato mai daidaita gudu da tazara tsakanin mota da ta gabanta, da mai riƙe mota a tsakiyar layi. Idan aka haɗa waɗannan biyu, direba kan ji kamar motar ce ke tuƙi. A kan wannan kashi ne aka fi samun ruɗani da gardama.

2.2 Matakan Sarrafa Mota

A shekarar 2014 ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fitar da tsani mai hawa shida, daga mataki na 0 zuwa na 5. A mataki na 0 na'ura gargaɗi kawai take yi ko ɗauki na ɗan lokaci. A na 1 takan riƙe abu ɗaya, ko gudu ko sitiyari. A na 2 takan riƙe duka biyun, amma wajibi ne idon direba ya kasance a kan hanya kowane lokaci. Sai a mataki na 3 ne aka yarda direba ya kau da kai a wasu kebantattun hanyoyi, kamar yadda Japan ta amince wa motar Honda Legend da aka fitar a 2021. A na 4 mota kan yi tafiya ba direba a cikin iyakar da aka shata mata, irin motocin hayar Waymo da aka buɗe wa jama'a a birnin Phoenix na Amurka a 2020. Mataki na 5, wato motar da za ta je ko'ina a kowane yanayi ba direba, ba a sayar da ita a kowace kasuwa. Abin lura a nan shi ne, na'urorin da mai saye zai tarar a wajen dillalan Gombe ko Kano ko Kaduna ba su wuce mataki na 2 ba. Ma'ana, dukkansu yaran mota ne.

3.0 Ma'aunan Aminci

3.1 Ma'auni na Farko: Suna

Hausawa sun ce suna linzami ne. A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, wato AAA, ta bincika sunayen da kamfanoni ke tallata waɗannan na'urori da su, ta tarar birkin gaggawa kaɗai yana da suna 40, mai daidaita gudu yana da 20, mai tsare layi kuma 19. Wasu sunayen suna faɗin abin da ya fi ƙarfin na'urar. Misalin da ya fi shahara shi ne Autopilot na kamfanin Tesla, sunan da aka aro daga jirgin sama, alhali na'urar mataki na 2 ce.

A watan Mayu na 2016 wani direban Tesla ya rasu a jihar Florida bayan motarsa ta kutsa ƙarƙashin wata tirela da ke gitta titi. Kamfanin ya ce na'urar ba ta bambance farin jikin tirelar da hasken sararin sama ba. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka kuma ta gano cewa a cikin minti 37 da na'urar ta yi tana aiki, daƙiƙa 25 kacal aka ji hannun direban a kan sitiyari. A Disamba 2023 kamfanin ya amince ya gyara kimanin motoci miliyan 2 a Amurka saboda na'urar ba ta tsananta wa direba ya mai da hankali ba. Ƙasar Sin ma, bayan wani haɗarin motar Xiaomi da ya ci rayuka uku a Maris 2025, ta hana kamfanoni amfani da kalmomin da ke nuna mota na tuƙa kanta wajen tallar irin waɗannan na'urori. Don haka tambayar farko ga dillali ita ce: wane aiki takamaimai na'urar take yi, kuma a wane hali take dainawa? Amsar tana cikin littafin motar, a shafukan gargaɗi waɗanda ba kasafai ake karantawa ba.

3.2 Ma'auni na Biyu: Alƙaluma

Ba kowane adadi ne hujja ba. Kafin a karɓi alƙaluma sai a tambaya wa ya ƙirga, kuma da me ya kwatanta. A Yuni 2022 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta sanar da haɗurra 392 da suka shafi motoci masu na'urar mataki na 2 a cikin kusan wata goma, 273 daga ciki na Tesla ne. Amma hukumar da kanta ta ja kunne cewa kada a yanke hukunci da wannan, domin ba a auna da yawan motocin kowane kamfani ko nisan tafiyar da suka yi ba, kuma wasu motocin kan aika labarin haɗari kai tsaye ta intanet, wasu kuwa sai an kai ƙara ake sani. Misalinsa a gida shi ne, idan aka ƙirga haɗurran Keke Napep a Gombe aka ga sun fi na motocin alfarma yawa, wannan bai isa hujja ba sai an san adadin kowanne da irin zirga-zirgar da yake yi a wuni.

Haka kuma idan kamfani ya ce motarsa ta fi sauran motoci ƙarancin haɗari, sai a duba ko ya kwatanta sabuwar mota a kan babbar hanya mai faɗi da tsofaffin motoci a cikin gari. Irin wannan kwatance kamar a haɗa tseren doki ne, wani a fili wani a cikin laka. Bugu da ƙari, tabbatar da aminci na buƙatar lokaci. Cibiyar bincike ta RAND ta lissafa a 2016 cewa sai motoci masu tuƙa kansu sun yi tafiyar mil miliyan 275 ba a rasa rai ba kafin a iya cewa sun kai ɗan'adam aminci. Ashe dai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wadda masu zaman kansu suka samo ta hanyar kwatanta mota iri ɗaya, wata da na'ura wata babu. Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta daɗe tana wannan aiki, kuma su masu inshora ba su da ribar yabon abin da ba ya rage musu biyan diyya. Bincikenta ya nuna na'urar hana katantanwa ta rage kusan rabin munanan haɗurran da mota ke yi ita kaɗai, birkin gaggawa kuma ya rage kusan rabin karon da ake yi wa motar gaba ta baya. Saboda irin wannan hujja Tarayyar Turai ta wajabta na'urar hana katantanwa a duk sababbin motoci daga 2014, birkin gaggawa kuma daga 2024. Amma game da kashi na uku, cibiyar ta bayyana a 2024 cewa ba ta ga ƙwaƙƙwarar shaidar suna rage haɗari ba, kayan jin daɗi ne kawai. A wannan shekarar ta gwada na'urori 14 don ganin yadda suke tilasta wa direba mai da hankali, guda ɗaya tak ta sami sakamako mai dama-dama, 11 suka faɗi warwas. Abin mamaki a nan shi ne, na'urorin da ba a jin ɗuriyarsu sai ranar wuya su ne suka fi ceton rai, waɗanda aka fi yi wa talla kuwa hujjarsu ba ta taka kara ta karya ba.

3.3 Ma'auni na Uku: Hanyar da Aka Gwada Ta

Kowace na'ura tana da irin hanyar da aka yi ta dominta. Hukumar gwajin motoci ta Turai, Euro NCAP, wadda aka kafa a 1997, kan yi gwajinta a fili mai santsin kwalta da fararen layuka, da mutum-mutumin da ke gittawa a gudun da aka ƙayyade. Gwajin yana da amfani, sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Titin cikin unguwa irin Herwagana, musamman lokacin tashin makarantun Islamiyya, ya haɗa 'yan acaɓa da Keke Napep da 'yan ga-ruwa masu tura kura da masu talla da awaki da yara masu fitowa a guje daga lungu, kuma kowa na gitta titi ta inda ya ga dama.

Akwai shaidu da ke nuna na'urorin suna rauni a daidai irin wannan hali. A gwajin AAA na 2019, da aka sa mutum-mutumin yaro ya ɓullo tsakanin motoci biyu da ke ajiye, motocin da ke gudun kilomita 32 a awa sun buge shi a kashi 89 cikin 100 na gwajin. A 2022 IIHS ta gano birkin gaggawa ya rage buge masu tafiya a ƙasa da kashi 27 cikin 100, amma da dare a hanyar da ba fitila bai kawo wani bambanci ba. A Maris 2018 wata motar gwaji ta kamfanin Uber ta kashe wata mata da ke tura keke tana gitta titi da dare a garin Tempe na jihar Arizona. Bincike ya nuna motar ta hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon, amma ta yi ta sauya shawara ko mota ce ko keke ne ko wani abu daban, domin ba a tsara ta da tunanin mutum zai gitta a inda ba a ware don gittawa ba. Kamfanin Volvo ma ya faɗa a 2017 cewa na'urarsa ta gane manyan dabbobi, wadda aka horar da dabbobin Turai, ta ruɗe da tsallen kangaru a Ostireliya. Mai karatu na iya tambayar kansa ko an taɓa horar da wata na'ura da garken shanu, ko amalanken da aka ɗora wa kara har ya fi shi faɗi, ko babur mai goyon mutum uku da buhu.

A manyan hanyoyi ma haka abin yake. Na'urar tsare layi da farin fenti take gani, alhali a hanyar Gombe zuwa Dukku, ko ta Biu wadda ta bi ta Daɗin Kowa, ko ta Yola da ta ratsa Kumo da Billiri da Kaltungo, akan yi tafiya mai nisa layin ya goge ko babu shi sam. Inda kuma yake, direba kan bar hannunsa da gangan don kauce wa rami, ita kuwa na'ura ta ɗauka kuskure ne ta ja shi baya. Sannan ga hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da ƙurar da kan rufe kyamara, da ruwan damina. Akwai kuma matsalar birkin da kan taka kansa ba dalili, wadda a Fabrairu 2022 ta sa hukumomin Amurka suka buɗe bincike a kan motocin Honda Accord da CR-V kimanin miliyan 1.7. A garin da ɗan acaɓa ke manne da bamban mota, irin wannan birki na iya jawo haɗarin da aka yi shi don ya hana. Wannan ya nuna cewa na'urorin da ke aiki da motsin motar kanta, kamar ABS da mai hana katantanwa, suna nan da amfaninsu a kowace hanya, masu dogaro da ganin hanya kuwa amfaninsu na raguwa gwargwadon lalacewarta.

3.4 Ma'auni na Huɗu: Halin da Motar ta Iso

Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, mafi yawansu zuwa ƙasashe masu tasowa, kuma Afirka ce ta fi karɓa. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa Nijeriya motoci ne da suka yi haɗari a can aka yi gwanjonsu, aka zo nan aka buga jiki aka yi fenti. Gaban mota kuwa, inda aka fi bugewa, nan ne mazaunin rada da kyamara. Ƙa'ida ita ce idan aka canza gilashin gaba ko bamba sai an sake saita waɗannan na'urori da kayan aiki na musamman, domin karkacewa kaɗan a jikin mota kan zama tazara mai yawa a can gaba. Ba kowane gareji ke da kayan ba.

Har sabuwar mota ma sai an bincika. A 2017 ƙungiyar Global NCAP ta soma gwada motocin da ake sayarwa a Afirka, kuma a 2018 a-kori-kurar Nissan NP300 Hardbody ba ta sami tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya. Wato sakamakon gwajin da aka yi wa mota a Turai ba lallai ya shafi wadda aka ƙera don kasuwar Afirka ba, ko da kamfaninsu ɗaya.

Mai saye na iya yin wasu gwaje-gwaje masu sauƙi. Idan aka murɗa makulli, ya kamata fitilun gargaɗi su kama gaba ɗaya sannan su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Fitilar ABS da ta ƙi mutuwa alamar matsala ce, wadda ba ta kama ba sam kuwa ta fi zama abin zargi, domin wasu kan cire ƙwan don ɓoye lahani. Ya kamata a sa motar a kwamfuta wajen makaniken da mai saye ya zaɓa da kansa. Lambar casis mai haruffa da lambobi 17 kan nuna a intanet tarihin motar da ta fito daga Amurka, da ko kamfani ya taɓa kiran irinta don gyara. Sai taya, domin duk ƙwarewar na'ura da taya take tsayar da mota. Lambobi huɗun ƙarshe na hatimin da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Alal misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

3.5 Ma'auni na Biyar: Direba

Ɗan'adam kan saki jiki idan ya ji an tsare shi. Wani bincike da aka yi a kan motocin tasi a birnin Munich na Jamus a shekarun 1980 ya nuna waɗanda aka saka wa ABS ba su fi sauran ƙarancin haɗari ba, saboda direbobinsu sun ƙara gudu da matsar motar gaba. Don haka na'ura ta gari ita ce mai lura da direban kansa, ta hanyar kyamara mai kallon idonsa, ta yi masa gargaɗi, in ya ƙi ji ta rage gudu ko ta ƙi sake aiki. Wadda za a iya yaudara da rataya wani abu mai nauyi a sitiyari ba abin dogaro ba ce.

A Nijeriya akwai darasi a kan wannan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta ɗaura bel a 2003, sannan a Fabrairu 2017 ta soma tilasta wa motocin haya saka na'urar taƙaita gudu. Dukkansu abubuwa ne masu amfani, amma bel ɗin da aka yafa a kafaɗa don an hango jami'ai, da na'urar da aka tsinke wayarta bayan an karɓi takarda, ba sa kare kowa.

4.0 Aikin Ɗalibin Harshe

Kalmomin mota da yawa aro ne Hausa ta yi ta gyara su, irin su direba da sitiyari da birki da totur da giya. Wasu kuwa ƙirƙira ce ta masu sana'ar, kamar a-kori-kura da kiya-kiya, ko A Daidaita Sahu da mutanen Kano ke kiran keke mai ƙafa uku. Waɗannan sababbin na'urori har yanzu ba su da tsayayyun sunaye, kuma duk sunan da gidajen rediyo da jaridu suka soma yaɗawa shi zai zauna.

A dubi jimlar "mota mai tuƙa kanta," wadda ake yawan ji a labarai. Kalmar "mai" ta mayar da mota mai aikatawa, "kanta" kuma ta mayar da aikin gare ta, saboda haka ba a bar wa direba gurbi a cikin jimlar ba. Wannan suna ya dace da mataki na 4 da na 5 kaɗai. Amma "mataimakin direba" ya bar direba a matsayin uban tafiya, domin ba a yin mataimaki sai da shugaba. Haka nan kalmar "atomatik" ta riga ta zauna a kan giya, faɗaɗa ta zuwa birki ko sitiyari zai haifar da ruɗani. Ana ba da shawarar sunayen da ke faɗin aiki da iyakarsa, kamar birkin gaggawa, da mai hana katantanwa, da mai gargaɗin barin layi, da mai daidaita gudu da tazara. Akwai kuma filin bincike ga mai neman batun kundin digiri: ya shiga gareji da tasha ya tattaro sunayen da makanikai da direbobi suka riga suka laƙaba wa waɗannan na'urori da fitilun gargaɗinsu, ya nazarci abin da kowane suna ke sa direba ya zata. Fassara shafukan gargaɗi na littattafan motoci zuwa Hausa mai sauƙi ma aiki ne da ke jiran masu yi.

5.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi ƙoƙarin nuna cewa ana gane amincin na'urar taimaka wa direba ta hanyar duba aikinta na haƙiƙa a bayan sunan talla, da ingancin alƙaluman da ake kafa hujja da su, da kamannin hanyar gwaji da hanyar da za ta bi, da lafiyar na'urar bayan ta iso, da kuma halin da take jefa direba a ciki. An ga cewa ABS da na'urar hana katantanwa da birkin gaggawa suna da hujja mai ƙarfi, ko da yake na ƙarshen yana rauni da dare da kuma gaban ƙananan yara, masu riƙe sitiyari da gudu kuwa har yanzu ba su kawo tasu hujjar ba. Ga mai tuƙi a lungunan Herwagana, rage gudu da lafiyayyen birki da taya mai kyau sun fi kowace kyamara tsare ran yaron da zai fito a guje. Ga ɗalibin Hausa kuwa, nauyin da ke kansa shi ne ya samar wa waɗannan na'urori sunayen da ba za su sa direba ya sakar wa yaron mota sitiyari ba.